Wasiƙa zuwa ga ɗana kan katunan 'yan ƙwallo

Assalamu alaikum, ɗana Nura.

Ya karatu, ya sanyin Ingila? Mahaifiyarka ta ce ka shiga tara katunan 'yan ƙwallo, har abin ya fara taɓa kuɗin abincinka. Ba faɗa zan yi maka ba, don ni ma na yi, a ƙasar da kake yanzu, lokacin ina ɗalibi.

A 1994 ne, shekarar da Najeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya a Amurka. Ranar da muka ci Bulgeriya uku da nema, Rashidi Yekini ya riƙe raga yana ihu, ban yi barci ba. Gari na wayewa na sayo kundin manna katunan 'yan ƙwallo na Panini, kamfanin nan na garin Modena a Italiya da yake fitar da kundin gasar tun 1970. Farkon abin daɗi ne, duk fakitin da ka yage sababbin fuskoki. Sai kundin ya kusa cika za ka ga fakiti yana maimaita maka waɗanda kake da su. Kundin 2018 gurabe 682 gare shi, kati biyar a fakiti. Wani malamin lissafi a Jami'ar Cardiff ya auna cewa mai saye shi kaɗai sai ya kashe sama da fam 770 kafin ya cika shi, mutum goma masu musaya kuwa kowa ya kashe kusan sulusin haka. Don haka ka yanke wa kanka abin da za ka kashe a mako, sauran ka nema a hannun mutane.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗan mai gidan da nake haya, yaro ɗan shekara tara, yana da Yekini, ni ko na neme shi har na gaji. Ya ce sai dai in ba shi katin tambarin ƙungiya mai ƙyalli. Ina da guda, amma ruwa ya taɓa bayansa, gam ɗin ya mutu. Na sani, na yi shiru, muka yi musaya. Da yamma ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya miƙo min katin a tafin hannunsa, bai ce uffan ba. Maimakon in mayar masa da nasa, sai na ce ai ciniki ya faɗa. Ka ji fa, ina da shekara ashirin da huɗu, ina sallah biyar a ɗakin nan, yaron yana ganina kullum. Daga ranar shi da abokansa ba wanda ya sake musaya da ni, kuma da gaskiyarsu.

Nura, in katinka yana da lanƙwasa ko tabo, ka nuna kafin a tambaye ka. In yaro ne a gabanka, ka ƙara masa ɗaya a kan abin da ya nema.

Kundin yana nan cikin akwatin ƙarfen ɗakina, da gurabe goma sha ɗaya babu kowa. In ka zo hutun Sallah zan nuna maka. Shafin Najeriya dai kai za ka buɗe, ni har yau nauyinsa nake ji.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.