Ku nemi gafarar matar da kuka yi wa dariya a kan mage

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Asabar, kuma ba yabo ne ya kawo ni ba.

Baiwar Allahn nan da ta bugo waya, tambaya ta yi ta masu hankali. Magen maƙwabtansu ce ta rame, gashi ya zube, idanu sun liƙe da kwantsa, masu ita sun daina ko kallonta, kullum tana kwance a bakin rariya, me ya kamata ta yi? Ba ta gama rufe baki ba mai gabatar da shirin ya kece da dariya, wai mutane ma ba su samu magani ba balle mage. Baƙon da kuka gayyato, wanda aka gabatar mana da shi a matsayin ma'aikacin lafiya, shi ma ya taya shi. Ina jin muryar matar ta yi sanyi tana cewa a yi haƙuri. A yi haƙuri da me? Laifin me ta yi?

Da a nan aka tsaya da na haɗiye abina. Amma sai ga wani ya bugo yana ba da fatawa, wai a ɓallo rabin ƙwayar farasitamol a ɗura mata, a shafe jikin da baƙin mai, in ta ƙi tashi a jefa ta a buhu a kai bayan gari. Mai gabatarwa ya ce to Hajiya kin ji, aka sa talla. Babu wanda ya ce kul. Malam Edita, farasitamol kashe mage yake yi. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, ƙwaya guda ta isa ta kumbura mata fuska da ƙafafu, dasashinta ya dafe, numfashi ya gagara, ta mutu a wahale. Wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne, duk wanda ya taɓa zama ajin likitancin dabbobi ya san shi. Baƙin mai kuwa, mage da harshenta take wanka, duk abin da ka shafa mata a jiki cikinta zai ƙare. Haka masu yayyafa mata fiya-fiya ko maganin feshin gona wai don kashe ƙuma, da masu sa mata maganin kaskar karnuka, guba suke ba ta da hannunsu. Ku da kanku kuke alfahari da cewa ana jin ku har ƙauyuka. To a daren nan gidaje nawa kuka koya wa yadda za su kashe dabbar da suka yi niyyar taimaka wa?

Kada a ce wani mai son mage ne ya rubuto. Ni mai kiwon kaji ne da tattabaru, in akwai wanda ya kamata ya yi gaba da muzuru a unguwarmu to ni ne, don ba ƙaramar ɓarnar 'yan tsaki ya yi mini ba. Amma abin da matar nan ta faɗa na gan shi da idona. A hunturun da ya wuce 'yan hayar gidan da ke jikin nawa suka tashi, suka kwashe komai har turmi da murhu, suka bar magensu. Ta yi ta zama a ƙofar gidan da aka garƙame tana kuka. Magen gida ce, tun tana ƙarama ake zuba mata a kwano, ba ta san kiwon bola ba. Kafin wani lokaci ta fara atishawa, majina ta toshe mata hanci, kunnuwa suka yi ɓawo, wuya ya kwaile. Mage in hancinta ya toshe ba ta jin ƙamshin abinci, ko ka ajiye mata ba za ta ci ba, nan da nan sai ta zama ƙashi da fata. Yara suka mai da ita abin jifa in sun taso daga islamiyya. Da yake baƙa ce, sai wata dattijuwa ta ce ai ba mage ba ce, a yi hankali da ita. Wani kuma, babba da gemunsa, ya ce a zuba mata shinkafar ɓera a huta, a lungun da kajin mutane ke kiwo kuma yara ke wasa da ƙasa.

Abin da na yi ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kuma shi ne amsar da ya kamata ku ba matar nan. Na fara ajiye mata ruwa a fasasshen kasko a gindin katanga, da ɗan kan kifi da na ɗumama don ƙamshinsa ya tashi. Ban kai mata hannu ba, na kuma tsawata wa yaran lungun kada wanda ya taɓa ta ko ya jefe ta. Dabbar da ke jin ciwo ko mai ita tana iya yakusa. Da ta saba da wurin sai na kwantar da kwali na sa abincin a can ciki da tsumma, ta shiga, na rufe, na huda masa ƙofofin iska, na ɗaure a bayan mashin sai asibitin dabbobi. Likitan bai yi mini dariya ba. Ya sa safar hannu ya duba ta, ya ce mura ce irin tasu, da ƙazuwa, da tsutsar ciki. Ya yi mata allura, ya ba ni maganin ido, ya ce in riƙa goge kwantsar da auduga da ruwan ɗumi mai tsabta, in ware ta ita kaɗai, in wanke hannu da sabulu duk lokacin da na gama, ya faɗa mini ranar da zan dawo da ita. Ya gargaɗe ni a kan madarar shanu, wadda kowa ke ganin ita ce gatan mage alhali gudawa take sa wa da yawansu, da kuma sauran miyar da ta sha albasa da tafarnuwa. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin zakara mai kyau guda ba. Yau tana nan a ɗakin da nake ajiye dusa da masara, gashi ya fito, ɓerayen da suka addabi buhunana sun yi ƙaura. 'Yan tsaki dai har gobe a akurki nake kulle su, don warkewa ba ta canja wa mage hali.

Ita matar da ta kira ku tata ta ɗan bambanta, tunda masu magen suna nan. To ko nan akwai abin faɗa. A ce mata ta shiga gidan da sallama, ta ce wa matar gidan, maman wane, na ga magenku ba ta da lafiya, ko za ku bar mini ita in gwada? Yawancin masu irin wannan sakacin neman wanda zai raba su da ita suke yi, har godiya za su yi mata. Kada ta ɗauke ta a ɓoye, don ranar da ta warke ta yi kyau za a ce an sace musu mage, in kuma ta mutu a ce ita ta kashe. In suka ƙi bayarwa kuma suka ƙi kulawa, ai muna da mai unguwa, muna da limami, maigidanta ya yi musu magana. Ruwa da ɗan abinci a bakin ƙofarta kuwa ba sai ta nemi izinin kowa ba. In kuma ciwon ya wuce magani, likitan dabbobi yana da allurar da zai hutar da ita cikin sauƙi. Wannan duka minti nawa zai ci a shirinku? Ai bai kai tsawon dariyar da aka yi ba.

Maganar buhu ita ta fi ƙona mini rai. Mun saba da ita har mun daina ganin muninta. Mutum yana tsoron ya kashe mage da hannunsa don kada alhaki ya kama shi, sai ya ƙulle ta a buhu ya ba yaro ya kai ta bakin kasuwa ko bayan gari, ya dawo ya ce shi dai bai kashe ba. Magen da ba ta gani, ba ta iya tsayuwa, da me za ta yi farauta? Kisa ne, an dai tsawaita shi. In kuma ta rayu, cutar ce aka kwasa daga wannan unguwa aka kai wa waccan.

Shi kuma baƙon naku, in har ma'aikacin lafiya ne, ta yaya bai gane cewa tambayar lafiyar mutane aka yi masa ba? Makeron da ke cin kawunan yara ana iya ɗaukarsa daga mage mai kwailewar gashi. Mace mai ciki ba a son ta kwashe kashin mage da hannunta. Ga kuma babbar, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma ko da yake kusan dukkansu daga cizon kare ne, mage ma tana kamuwa tana kuma bayarwa. Ya kamata ya ce wa matar nan, in kin ga tana dalalar da yawu, ko tana kai wa mutane farmaki haka kawai, ko ƙafafun baya sun shanye, kada kowa ya matsa kusa, a kira ma'aikatan dabbobi. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15, a garzaya asibiti a yi allurar rigakafi a ranar, don ciwon nan in alamunsa suka bayyana sai dai a yi addu'a. Duk ranar 28 ga Satumba ina jin ku kuna karanto jawabin jami'ai a kan ranar yaƙi da wannan ciwo, amma da mace ta kawo muku shi har cikin ɗakin shiri sai kuka yi mata dariya. Kuma kowane rani ku ne masu sanar da mu zazzaɓin Lassa, wanda tun 1969 aka gano shi a garin Lassa na jihar Borno, kuna cewa a kori ɓera daga gida. Da me talaka yake korar ɓera in ba da mage ba?

Ni ba malami ba ne, amma ko ɗan firamare ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda mage, ta ɗaure ta ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu. Ya san na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, an ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Gidan rediyon da yake buɗe tasha da karatun Alƙur'ani kullum da asuba ne yau yake mai da mai tausayin dabba abar dariya. Maganar wai mutane ma ba su samu magani ba kuwa, matar nan ba kuɗinku ta roƙa ba, ba ta ce a ɗebo daga asibitin yara a ba mage ba. Kuma ni a zamana da mutane ban taɓa ganin wanda ya hana mage ruwa ya kai wa maraya ba. Wanda ya ce a zuba wa tawa shinkafar ɓera, ko gaisuwar mara lafiya ba a ganinsa.

Abin da nake nema a wurinku ba shi da wuya. A shiri na gaba mai gabatarwa ya buɗe da neman gafarar wannan baiwar Allah, ya kuma faɗa da bakinsa, ya maimaita, cewa kada kowa ya ba mage farasitamol ko ya shafa mata baƙin mai. Sannan ku gayyato likitan dabbobi na gaske. Ba ƙarancinsu ake yi ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, jami'o'in Sakkwato da Maiduguri suna yaye su, ga cibiyar Vom a Filato da ke aikin rigakafin dabbobi tun 1924, kuma kowace jiha tana da ofishinsu. Ku tambaye shi har da batun aikin hana haihuwa, don mage wata biyu da 'yan kwanaki take yi da ciki, tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma 'ya'yan da ba a so su ne gobe ake tsinta a bola. Mutanenmu sun ɗauka asibitin dabbobi na shanu da ragunan layya ne kawai, ku ne ya kamata ku gaya musu ana karɓar mage.

Tunda na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallar masu maganin gargajiyar nan da kuke sakawa daidai lokacin da iyali suke zaune ana cin tuwon dare, don Allah ku duba ta. Kalmomin da mutumin nan yake furtawa a kan ƙarfin maza ba na jin kai kanka za ka iya sauraronsu a gaban surukarka. Ni dai duk lokacin da ta fara sai na yi tsalle na rage murya, 'ya'yana mata suna sunkuyar da kai. In kuɗin tallar ya zama dole, ku mai da ita bayan ƙarfe 11 na dare.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Zariya