Tiyatar ƙoda ta ƙananan huji: a duba zuciya da huhun tsoho tukuna

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin masu jinyar iyayensu. Da zarar likita ya ce za a cire ƙoda ko a gyara bututun fitsari ba tare da an farke ciki ba, sai dangi su ɗauka ƙaramin aiki ne. Raunin ne ƙarami, amma aikin yana nan da nauyinsa.

Huji uku ko huɗu ake yi, kowanne milimita 5 zuwa 12, a zura kyamara da kayan aiki. Tsufa kaɗai ba ya hana yin sa: wadda aka fara cire wa ƙoda ta wannan hanya a St. Louis ta Amurka, a 1990, shekarunta 85.

Inda gizo ke saƙar shi ne iskar kabon da ake hura wa ciki don likita ya samu sarari, yawanci a matsin milimita 12 zuwa 15 a ma'auni irin na awon hawan jini. Cikin da ya kumbura yana danne huhu daga ƙasa, ya rage jinin da ke komawa zuciya, fitsari ma ya ragu. Iskar kuma tana shiga jini, huhu ne zai fitar da ita. Matashi yana jurewa, amma dattijo mai raunin zuciya ko tsohon ciwon huhu, wanda aka kwantar ta gefe ɗaya na awanni, yana iya gazawa. Shi ya sa ake rage matsin zuwa 8 ko 10, ko a shiga ta kwiɓi. Idan jini ya ɓalle, buɗe cikin ake yi nan take, kuma wannan ba kuskure ba ne.

Dangi su kawo wa likitan sa barci duk magungunan da mara lafiya ke sha, har na gargajiya. Wafarin, wani maganin tsinka jini, akan dakatar da shi kwana 5 kafin aiki, amma kada kowa ya tsayar da maganin tsinka jini da kansa. Bayan aiki a taimaka masa ya taka washegari, don kada jini ya daskare a ƙafa. Idan ya rikice yana sambatu da dare, a kira nas, ba lallai iskokai ba ne. Diklofenak da ibufurofen na kemis kuwa, a nisanta su daga mai ƙoda ɗaya.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin tiyata, Kano