Gahawar Asuba a Tsakiyar Bahar Rum

A cikin jirgin ruwa,
Tsakanin Malta da Basalona,
Daren Juma'a.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki da duk mutanen Damagaram. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

In ka ga adireshin da na sa a sama, kada ka ce tsufa ya fara taɓa mutumin naka. A kan ruwa nake da gaske. 'Yarka likitar nan da ke Ingila ce ta tasa mu gaba, wai tun da na ajiye aiki ban huta ba, ta biya mana kwana bakwai a jirgin yawon shaƙatawa, ni da uwarta. Ranar Juma'ar da ta wuce muka tashi daga Basalona ta ƙasar Sifaniya, muka tsaya Marsey a Faransa, sannan Jenowa da Napoli da Mesina a Italiya, sai tsibirin Malta. Yau wuni guda ba mu ga ƙasa ba, gobe da safe in Allah ya so mu koma inda muka fito. Labarin garuruwa sai mun haɗu, baki zai fi alƙalami. Abin da ya sa na ɗauki takarda daban ne, kuma kai kaɗai za ka fahimce shi ba tare da ka yi mini dariya ba. Ko da yake na san za ka yi.

Ka san halina tun muna ɗalibai a Hartum ta Sudan, a Markaz, wato Cibiyar Musulunci ta Afirka, kafin ma a mayar da shi Jami'ar Afirka a 1992. Da an sallame sallar asuba sai wajen matar nan mai shayi a gindin bishiya, ta soya 'ya'yan gahawa a kan gawayi, ta daka da citta, ta zuba mana daga jabana, 'yar butarsu ta gahawa, a 'yan ƙananan kofuna. Kai ka koma gida ka koma wa shayinka, ni kuwa abin ya bi ni har yau. Shekara kusan arba'in, in ban sha gahawa tsakanin asuba da fitowar rana ba, wunin nan kaina kamar an ɗaure shi da igiya. Ko yaya matar nan ta ƙare da wannan yaƙin da ya ɓarke a 2023? Allah ya kawo musu zaman lafiya.

To saboda sanin halina, na yi shiri tun daga Kano. Garin gahawa da citta da kanumfari a gwangwani, ga 'yar butar lantarki a ƙasan akwati. Hajiya kuma ta sako kaskon turarenta na lantarki. Ranar shiga jirgi kowa akwatinsa ya iso ƙofar ɗakinsa, namu shiru. Da yamma sai ga takarda, mu sauka can ƙasa wajen masu tsaro. Muka tarar da layi, kowa tsaye gaban akwatinsa kamar mai jiran shari'a. Aka buɗe namu, aka ɗauke buta, aka ɗauke kasko, aka ba mu rasit wai ranar sauka mu karɓa. Na so in yi musu, sai jami'in ya nuna mini tebur cike da dutsen guga da kyandir da wayoyin jona lantarki na mutane. Duk abin da ke yin zafi da kansa ba a yarda fasinja ya shiga da shi ɗaki ba.

Raina ya ɓaci a lokacin, amma da na zauna na yi tunani sai na ga gaskiyarsu. Mu a tudu muna zaton abin tsoro a teku shi ne ruwa, su kuwa ma'aikatan jirgi wuta suka fi tsoro. Gida ne mai hawa goma sha wani abu, da dubban mutane a ciki, in gobara ta tashi babu maƙwabta masu kawo guga, babu motar kashe gobara, babu titin da za a fita a tsaya. Kafin ma jirgin ya motsa sai da aka sa kowa ya je ya ga wurin da zai tsaya in an busa ƙahon haɗari, dokar da aka ƙara tsaurarawa bayan jirgin nan da ya kife a gaɓar Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. 'Yarka ta gaya mini a waya cewa jiragen da ke tashi daga Ingila da yawansu suna ajiye buta a kowane ɗaki, don Bature ɗan Ingila ba ya rabuwa da shayinsa, amma butar jirgin ce da suka gwada da kansu. Namu babu. Ga gari a gwangwani, ga citta, babu ruwan zafi.

Safiyar farko na idar da salla na zura jallabiya, na hau lif zuwa hawa na 15 inda babban ɗakin cin abinci yake. Nan akwai na'urar gahawa kyauta, ka tara kofi ka danna. Malam, abin da ya fito launinsa dai na gahawa ne. Na ce da babu gara ba daɗi, na cika kofi biyu na kamo hanya. Jirgin nan tsawonsa ya haura mita 300, lungunan ɗakuna kuwa duk iri ɗaya, kafet ɗaya, ƙofofi ɗaya. Ashe ɗakuna masu lambar da ta rabu biyu suna gefe guda, sauran suna ɗaya gefen, ni kuwa na bi ta inda ba nawa ba. Na yi ta zagaye da kofuna a hannu, jirgi yana ɗan rausaya, rabi ya ƙare a hannun rigata. Da na iso ɗaki abin ya huce, Hajiya ta leƙa kofin ta ce ko ruwan wanke tukunya na kawo mata.

Kashegari na gwada hanyar manya. Akwai wani kati da ake ajiye maka a ɗaki, ka sa alama a kan abin da kake so na karin kumallo da lokacin da kake so a kawo, ka rataye a hannun ƙofa ta waje kafin ka kwanta. Cikin dare a bi a tattara. Abin sha'awa ne, sai dai lokacin farko da ke jikin katin ƙarfe bakwai ne, ni kuwa kafin shida na yi salla ina zaune ina kallon ƙofa. Bakwai da kwata aka ƙwanƙwasa, ga tire da burodi da 'yar buta. Tsakanin kicin da ɗakinmu tafiya ce, saboda haka ɗumi-ɗumi ta iso, kuma lokacin da nake so ya riga ya wuce, har an fara jin ƙarar motoci a tashar Jenowa. Zuwa da kai dai ya fi aike, sai dai ni zuwan ma na gwada na ga yadda ta kaya.

Akwai kuma shagon gahawa a tsakiyar jirgin, inda ake yin ta gaske irin ta Italiya, mai kauri, kurɓa biyu ta ƙare. Wannan ta kuɗi ce. A jirgin nan ba a taɓa tsabar kuɗi, katin buɗe ɗakinka shi ne aljihunka, ka miƙa a goga, sai ranar sauka a haɗa maka lissafi. Ka san mutum in ba ya ganin kuɗi suna fita daga hannunsa sai ya ɗauka kyauta yake ci. Kuma ko na yarda da kuɗin, ba su buɗewa da asuba.

Wanda ya fitar da ni shi ne mai gyara mana ɗaki. Mutumin Indunisiya ne, daga tsibirin Jawa, wata na shida ke nan bai ga iyalinsa ba sai a waya. Ya ga dardumar salla a kan kujera, ya yi mana sallama, daga nan muka saba. Shi ya fara nuna mini tashar talabijin da ke nuna inda jirgi ya dosa, don in riƙa daidaita alƙibla, tun da a nan gabas ɗin jiya ba ita ce ta yau ba. Da ya ga gwangwanina ya buɗe ya shinshina, ya tambaye ni me ya sa ban taɓa shi ba. Na ba shi labarin buta. Ya yi dariya ya ce su a Jawa ba sa buƙatar tukunya ko mataci. A zuba gari da sukari a tambulan, a kwarara ruwan zafi a kai, a juya, a bar shi minti huɗu ko biyar garin ya kwanta, a sha na sama a bar na ƙasa. Tubruk suke ce mata. Mutanen da Turawan Holan suka kai wa gahawa tun ƙarshen ƙarni na 17, har sunan tsibirinsu ya zama sunan gahawa a bakin Amurkawa, ai ba a koya musu wannan sana'a. Ya ce abin da ya kamata in ɗauko daga sama ruwan ne, ba gahawar ba, kuma babu dokar da ta hana filas.

Ranar Litinin da muka sauka Napoli, mutane suka nufi motocin zuwa kangon tsohon birnin Pompeyi, ni na shiga gari neman filas. Na samu mai kyau na ƙarfe. A hanya na shiga wani ɗan shago na sha gahawa a tsaye kamar yadda suke yi, don in ka zauna a tebur kuɗin ya ƙaru. Sai sun fara ba ka ruwa a tambulan ka wanke baki tukuna. Suna da wata tsohuwar al'ada da ta burge ni: mutum ya sha kofi ɗaya ya biya kuɗin biyu, na biyun a ajiye wa duk wanda ya shigo ba shi da hali, ba tare da sun san juna ba. Na biya biyu.

Daren nan wajen sha ɗaya na hau sama, na roƙi wani ma'aikaci ya fara ɗauraye filas ɗin da ruwan zafi ya ɗumama, sannan ya cika shi. Ba sa son fasinja ya kafa bakin gorarsa a famfon da kowa ke ɗiba, saboda cutar amai da gudawa da ke saurin yaɗuwa a jirgi, don haka gara ka ba su su zuba maka. Na naɗe shi da tawul na sa a kabad. Da asuba ba tafasasshe ba ne, amma da zafinsa sosai. Cokali biyu na gari, citta ɗan kaɗan fiye da yadda na saba, sukari, ruwa. Na fita baranda da tambulan a hannu ina jiran gari ya kwanta, injin jirgi yana ɗan kaɗa shi a hankali.

Malam, a daidai lokacin muna shiga mashigin Mesina. Fitilun tsibirin Sisili a dama, na babban yankin Italiya a hagu, tsakaninsu a wuri mafi ƙunci bai fi kilomita uku da 'yan kai ba, gari yana wayewa a bayan duwatsu. Na kurɓa, citta ta daki maƙogwarona, wallahi sai na ji kamar in juya in gan ka a kan benci kana gunagunin sukari ya yi kaɗan. Hajiya ta fito da mayafi ta karɓi tambulan, ba ta dawo mini da shi ba sai da ta kai ga garin. Wani abin mamaki kuma, yawancin ruwan da ake sha a jirgin daga tekun ake jawo shi a cire masa gishiri. Gahawar Kano ke nan da ruwan Bahar Rum, a dabarar mutumin Jawa.

Safiyar Laraba ban ji daɗinta kamar haka ba. Mun kwana muna tafiya tsakanin Sisili da Malta, na fito baranda tun da sauran duhu, ruwa baƙi ƙirin, babu komai sai kumfar da jirgi ke bari. Sai na tuna kudu da nan kaɗan ne yaran da ke wucewa ta garinku zuwa Agadas da Libiya suke shiga kwalekwalen roba. Ni daga hawa na tara nake leƙen ruwan, da rigar ceto a kabad, amma sai da cikina ya ɗuri ruwa. Na yi musu addu'a, gahawar ta huce a hannuna. Da rana ta fito muka shiga tashar Baleta, babban birnin Malta, ganuwarta ta dutse ruwan ƙasa-ƙasa kamar ginin Birni na Damagaram. Mutanen Kiristoci ne amma Alla suke kiran Ubangiji, kuma da na ji mai kanti yana ƙirga canji, wahid, tnen, tlata, na kusa amsa masa da Larabcinmu na Hartum.

Na saya maka tsaraba a Napoli, 'yar tukunyar gahawa ta alminiyam mai kusurwa takwas, wadda wani Ba'italiye mai suna Bialetti ya fito da ita a 1933. Moka suke ce mata, da sunan tashar Mokha ta Yaman, ƙasar da sufaye suka fara shan gahawa don kada barci ya ɗauke su wajen zikirin dare. Ka ga ba ka da hujjar cewa abin Nasara ne. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, ka ɗora a wuta kaɗan, in ta fara kwarmato ka sauke. In a gawayi za ka ɗora, ka kawar da hannunta daga wutar, roba ce, narkewa take yi. Zan ba ƙaninka in ya shigo Kantin Kwari sarin kaya ya taho maka da ita.

Garin da ya rage mini na gobe ne kawai, sauran cittar kuwa na bar wa mutumin Jawa, ya ce zai gwada. Yanzu sha ɗaya saura, bari in hau a cika mini filas. Hajiya tana gaida Hajiya, ta ce a gaya mata kaskon turare yana tsare amma gobe za a sake shi. Ka gaida mini liman da duk 'yan majalisa.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka na Kano.