Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Muhalli: A Duba Taswira Kafin a Zuba Kuɗi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan yadda ake zaɓar wuraren da za a kashe kuɗin yaƙi da zaizayar ƙasa. Galibi aikin yana zuwa ne inda kwazazzabo ya cinye hanya ko ya doshi gidaje, domin can ido ke gani, can kuma ake kuka. Amma ruwan da ya haƙa ramin ya taso ne daga tudu, wataƙila kilomita da dama a sama, inda aka sare itatuwa aka bar gangare tsirara. In aka cike ramin da siminti aka bar tudun yadda yake, damina mai zuwa ruwan zai haƙa wani a gefensa.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta riƙa auna lalacewar ƙasa bisa magudanar ruwa, wato duk faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa ya haɗu a kogi ɗaya, maimakon bisa iyakar gunduma ko mazaɓa. A raba kowace magudana zuwa ƙanana, a gano wadda ta fi kusa da lalacewa, a fara da ita.

Kada a ce maka aikin zai ci kuɗi masu yawa. Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 hotunansa kyauta ne ga kowa. Da su za a ga inda daji ya koma gona, inda gona ta koma fako, shekara bayan shekara. Tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana iya nuna ko da ɗan fili mai faɗin mita 10, shi ma kyauta. Tsayin tuddai da zurfin kwaruruka an auna su daga sama tun watan Fabrairu na 2000 a wani aikin auna doron ƙasa mai suna SRTM. Manhajar QGIS da ake haɗa duk wannan ba a sayenta. Abin da za ka biya shi ne albashin mutanen da suka iya aikin da man motar da za ta kai su daji.

Lissafin zaizayar ma ba sabo ba ne. Tsarin RUSLE, wanda ya samo tushe daga aikin masanan Amurka biyu, Wischmeier da Smith, yana haɗa ƙarfin ruwan sama, da yadda ƙasar wurin take saurin wankewa, da tsawon gangare da tsininsa, da yawan ciyayin da ya rufe ta, da irin dabarar da manomi ya yi don tare ruwa. Daga nan sai ya fitar da tan nawa na ƙasa kowace hekta ke asara a shekara. Idan aka zana sakamakon, sau tari sai ka tarar ɗan yanki kaɗan ne ke tura mafi yawan lakar da ke cike madatsun ruwa a ƙasa.

Sai dai, ranka ya daɗe, kada launin taswira ya ruɗe ka. RUSLE na auna ƙasar da ruwa ke sharewa a sarari ne, ba ya ƙirga ramukan kwazazzabo. Ma'aunin kore na NDVI kuwa, wanda ke auna yawan ciyayi daga hotunan taurari, bai san bambancin ciyawar kiwo da ƙayar da ta mamaye makiyaya ba, duk kore ne a wurinsa. Kuma idan masana suka zauna suka ce gangare ya fi nau'in ƙasa nauyi a lissafi, ra'ayinsu ne suka mayar lamba. Taswirar da ba a taka ƙasa an gwada ta ba, ba a tambayi manomi da makiyayin wurin ba, ni ban yarda a ɗora kasafin kuɗi a kanta ba.

Da ƙasar Sin ta fara aikin farfaɗo da tsaunin Loess a 1994 tare da Bankin Duniya, ƙananan magudanan ruwa ta bi, ta yi matakala a gangare, ta hana kiwo inda ƙasa ta gaji. Ƙasashen da suka amince da manufa ta 15.3 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun yi alkawarin tsayar da lalacewar ƙasa nan da 2030, kuma da hotunan taurari ake auna akasarin hakan.

Don haka ina roƙon ka umarci a fitar da taswirar haɗarin kowace magudana, a sa ta a intanet inda kowa zai gani, tare da bayanin yadda aka yi lissafin. Sannan duk aikin da aka kawo teburinka domin sa hannu, ka sa a nuna maka wurinsa a kan taswirar tukuna.

Wassalam,
Wani mai aikin taswira