Abin da Ya Raba Aaron Rodgers da Shugabannin Green Bay

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Duk sanda labarin saɓani tsakanin babban ɗan wasa da shugabannin kulob ɗinsa ya iso majalisun Garwa, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: ya ƙoshi, girman kai ya shige shi. Muna neman fili a shafin wasiƙu mu baje rikicin Aaron Rodgers da Green Bay Packers na ƙwallon Amurka, domin a ganinmu dokar kuɗi ta gasar NFL ce ta ƙulla shi tun kafin kowa ya ɗaga murya.

Sai an san matsayin mutumin tukuna: Rodgers kwatabak ne. Kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne a fili, kuma masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. Kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama. Koci na yi masa magana ta rediyon da ke cikin hularsa, ana katse layin idan saura daƙiƙa 15 a agogon fara wasa, daga nan shi kaɗai zai karanta tsayuwar abokan hamayya, ya canza shiri in ya ga dama, ya jefa. Kujera ɗaya ce tak. A ƙwallon ƙafa ana iya sa tsohon ɗan gaba da sabo su buga tare, a nan kuwa in ɗaya ya shiga, ɗayan benci zai ɗumama. Ɗauko matashin kwatabak tamkar sanar da tsohon ne cewa an fara ƙirga masa kwanaki.

Haka aka yi ranar 23 ga Afrilu, 2020, a zaɓen sabbin 'yan wasa, inda kulob-kulob ke ɗaukar matasa bi da bi, zagaye bayan zagaye. Green Bay ta gama kakar 2019 da nasara 13 da rashin nasara 3, wasa ɗaya ya rage mata ta kai Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin gasar, San Francisco ta tare ta da ci 37 da 20. Kowa na jiran a ɗauko wa Rodgers mai cafke ƙwallo. Sai babban manaja Brian Gutekunst ya ba kulob ɗin Miami zaɓinsa na 30 da wani na zagaye na huɗu, ya hau na 26, ya ɗauki Jordan Love, kwatabak daga jami'ar Utah State. Rodgers na da shekara 36 a lokacin, kuma ba a sanar da shi ba kafin a yi. A duk zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar kulob ɗin bai ɗauki mai cafka ko ɗaya ba. Shi kansa Rodgers ta wannan ƙofa ya shigo a 2005, zaɓi na 24, ya zauna shekara uku a bayan Brett Favre har aka tura Favre New York Jets a 2008. Ya san ƙarshen labarin don ya taɓa ganinsa daga ɗaya gefen.

Yanzu ga kuɗin. In mun ce dala, ta Amurka muke nufi, kada mai karatu ya ɗauka dalarmu ce ta kasuwa mai sefa biyar. NFL na ƙayyade jimillar abin da kowane kulob zai kashe wa duk 'yan wasansa a shekara. A 2020 wannan iyaka, wato rufin, ya kai dala miliyan 198.2, annobar korona ta saukar da shi zuwa 182.5 a 2021. Ko kulob na da kuɗi kamar ƙasa, ba zai haura ba. Dabarar da ake yi ita ce kuɗin sa hannu: ɗan wasa ya karɓe su gaba ɗaya, amma a littafin gasar a raba su daidai a kan shekarun kwantiragi, iyaka biyar. A 2018 Rodgers ya sa hannu kan ƙarin shekara huɗu na dala miliyan 134, kuɗin sa hannu miliyan 57.5. Raba biyar, miliyan 11.5 ke nan kowace shekara. Tarkon yana nan: ranar da aka sallami ɗan wasan ko aka tura shi wani kulob, duk kason shekarun da suka rage zai faɗo kan littafi lokaci guda. Su ne ake kira mataccen kuɗi, kuɗin da ke cin gurbi a ƙarƙashin rufi alhali mai su yana buga wa wasu. In an jira 1 ga Yuni ta wuce, ana raba nauyin a shekara biyu. Da Green Bay ta rabu da Rodgers kafin wannan rana a 2021, da ta ɗauki mataccen kuɗi sama da miliyan 30, a shekarar da rufin ya sauko.

A ɗaya hannun kuma agogon Love na tafiya. Kwantiragin wanda aka zaɓa a zagayen farko shekara huɗu ne a farashi mai sauƙi, nasa kusan miliyan 12.4 gaba ɗaya, kuma bayan kaka ta uku dole kulob ya yanke shawara kan shekara ta biyar. Ribar matashin kwatabak tana cikin waɗannan shekarun masu araha, lokacin da rarar kuɗin za ta sayi masu tsaro da masu cafka. Duk kakar da Love ya yi a benci asara ce ga lissafin Gutekunst, duk kakar da Rodgers ya haskaka kuma tana ƙara wahalar cire shi. Ya kuwa haskaka: a 2020 ya jefa ƙwallon ci 48, sau 5 kawai aka tare masa, ya lashe kyautar gwarzon gasa karo na uku.

Kakar ta ƙare da ciwo. A Janairun 2021, a gida, Tampa Bay na gaba da maki 8, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, Green Bay na yadi 8 daga layin ci a dama ta huɗu. Koci Matt LaFleur ya zaɓi bugun maki uku maimakon ya bar ƙwallo a hannun Rodgers. Aka tashi 31 da 26. Wanda ya doke su Tom Brady ne, kwatabak ɗin Tampa Bay, wanda sabon kulob ɗinsa ya kawo masa tsofaffin abokan aikinsa irin su Rob Gronkowski.

Ranar 29 ga Afrilu, 2021, tashar ESPN ta ba da labarin cewa Rodgers ba ya son komawa. Ya ƙi zuwa atisayen bazara, ya ƙi na dole a watan Yuni. Amma makamin ƙin zuwa ya dushe tun yarjejeniyar 2020 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa: ɗan wasan da ya daɗe a gasar, in ya ƙi shiga sansanin horo, tarar dala 50,000 ce a kowace rana, fiye da sefa miliyan 25, kuma kulob ba shi da ikon yafewa. In ya yi ritaya, ana iya neman ya mayar da wani kaso na kuɗin sa hannu. Hannun kowa a ɗaure. A ƙarshen Yuli ya dawo, aka soke shekarar 2023 daga kwantiraginsa, aka dawo masa da tsohon mai cafke masa ƙwallo, Randall Cobb, daga Houston. A gaban 'yan jarida ya jero sunayen tsofaffin da yake ganin an sallama ba tare da mutuntawa ba, cikinsu har da Charles Woodson, Jordy Nelson da Clay Matthews, ya ce abin da yake so shi ne a riƙa jin ta bakinsa.

Ra'ayinmu a nan, Malam Edita, shi ne Gutekunst bai yi laifi ba da ya nemi magaji. Laifinsa rashin buga waya ne. Mutumin da ya ciwo wa Green Bay kofin Super Bowl a Fabrairun 2011 bai kamata ya ji labarin magajinsa tare da 'yan kallo ba. Abin ya ƙara dagulewa saboda Green Bay ba ta da attajiri guda da ya mallake ta. Masu hannun jari ne na gama-gari, ga shugaban kulob ɗin na wancan lokaci, Mark Murphy, wanda manaja da koci kowa ke kai wa rahoto. Babu maigida ɗaya da zai kira su ɗaki ya ce magana ta ƙare. Shi ma Rodgers ba mu wanke shi ba. Wanda ke neman a riƙe masa tsofaffin abokai, ya kuma karɓi kwantiragin shekara uku na kusan miliyan 150 a Maris 2022, ya san duk daga tukunya ɗaya ake ɗiba. A watan ne babban mai cafke masa ƙwallo, Davante Adams, ya koma Las Vegas, Green Bay ta ƙare kakar da nasara 8 da rashin nasara 9.

Masu kwatanta wannan da barin André Onana sansanin Kamaru a Katar a 2022 su lura cewa can babu kwantiragi, gardama ce ta koci da gola. Haka kuma ba irin tafiyar Vincent Aboubakar daga Coton Sport zuwa Valenciennes a 2010 ba ce, domin a ƙwallon ƙafa kulob ɗin da ya saki ɗan wasa kuɗi yake sa ran karɓa. A NFL da guraben zaɓe ake musaya, mai bayarwa kuma ya zauna da bashi a littafi. Don haka in wakilinku na wasanni ya ga irin wannan labari, ya fara duba kason kuɗin sa hannun da ya rage, ya duba ko 1 ga Yuni ta wuce, sannan ya tambayi shekarar da matashin da ke benci yake ciki a kwantiraginsa.

A Afrilun 2023 aka tura Rodgers Jets, kulob ɗin da ya karɓi Favre. Green Bay ta haɗiye mataccen kuɗi kusan miliyan 40, ta kuma sami zaɓin zagaye na biyu na 2024 da zai koma na farko in ya buga kashi 65 cikin 100 na damar harin Jets. Ranar 11 ga Satumba, a dama ta huɗu ta wasansa na farko, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke, zaɓin ya tsaya a zagaye na biyu. Love ya kai Green Bay wasannin kifa ɗaya ƙwala a kakar, ya doke Dallas 48 da 32, a Yulin 2024 kuma ya sa hannu kan shekara huɗu a dala miliyan 220.

Mun gode da filin da aka ba mu. A huta lafiya.

Naku,
Wasu masu bibiyar ƙwallon Amurka,
Garwa, Arewacin Kamaru