Yaron da fargaba ta hana barci ba ƙwaya yake buƙata ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin iyaye kan wata ɗabi'a da take damuna, wato ɗura wa yaro maganin mura mai sa gyangyaɗi irin su Piriton, ko ma ƙwayar diazepam da aka sayo a kemis ba tare da takardar likita ba, don kawai ya kasa barci. Sau da yawa abin da ya hana yaron runtsawa fargaba ce, kuma ƙwaya ba ta magance tushen tsoron, kwantar da yaron kawai take yi na ɗan lokaci. Ita diazepam ma jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, in aka daina ta kwatsam rashin barcin yakan dawo fiye da yadda yake a da.

Yaranmu suna da dalilin jin tsoro. A Disambar 2020 an sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, kuma yaron da ya ji manya suna maimaita irin waɗannan labarai a tsakar gida, ko ya ga bidiyonsu a wayar yayansa, da su zai kwanta. Wani kuma zullumin jarrabawar WAEC ko JAMB ne yake cin sa, wani rigimar iyayensa ce. Fargaba tana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara fargaba, har yaro ya fara tsoron shimfiɗar ita kanta.

A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawarar cewa ɗan shekara 6 zuwa 12 ya samu barcin awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ke nan ɗan firamaren da ake tayarwa sallar Asuba da ƙarfe 5:30 ya kamata a ce ya yi barci tun ƙarfe 8:30 na dare. Ga matasa kuwa, balaga tana jinkirta fitowar sinadarin melatonin da ke kawo barci, saboda haka saurayin da idonsa yake biyu da ƙarfe 11 ba lallai taurin kai yake yi ba.

Hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa suke farawa da ita ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, kuma mafi yawanta a gida ake yi. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, har ranakun da ba makaranta. A keɓe ɗan lokaci da rana, misali bayan La'asar, uwa ko uba ya zauna ya saurari abin da ke damun yaron ba tare da tsawa ko dariya ba, domin kada damuwar ta jira sai an kashe fitila. Yaron da ba ya iya barci sai mahaifiyarsa tana kusa, ba a yi masa yayen dole a dare ɗaya. Za ta fara zama a bakin shimfiɗarsa, bayan 'yan kwanaki ta matsa kusa da ƙofa, daga nan ta koma waje tana leƙowa, har zuciyarsa ta gamsu cewa ba abin da zai same shi. Wannan yana cin makonni, kuma a ganina nan ne yawancinmu muke gazawa, domin ƙwaya ta fi haƙuri sauƙin samu. Addu'o'in kwanciya da muka gada, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, in ana yin su tare da yaro kowane dare cikin natsuwa, suna zama masa alamar cewa rana ta ƙare kuma yana cikin aminci. Amma ba zai yiwu a yi masa tofi yanzu, an jima a ce dodo zai kama shi in bai rufe ido ba.

Shayi mai kauri, goro da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci, wanda rabinsa yakan kai kimanin awa 5 bai bar jiki ba, don haka a hana su da yamma, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Idan an yi makonni ba sauƙi, ko yaro yana firgita kullum bayan wani tashin hankali da ya gani, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana yankewa, ko ya ƙi makaranta, to lokacin ganin likita ya yi, wanda kuwa ya fara maganar mutuwa a kai shi a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan wannan matsala, domin uwar da take ƙauye ta samu wanda zai saurare ta kafin ta nufi kemis.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, Katsina