Zuwa ga ɗana da ya tambaye ni ko dole ne zuwa coci ranar Lahadi

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu. Ranar taron matasa a nan Zuru ka miƙe gaban jama'a ka ce da ni, "Baba, ina aka rubuta cewa dole Kirista ya je coci kowace Lahadi? Ai ina addu'a a ɗakina, ina kuma jin wa'azi a waya." Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba. Tunda a fili ka tambaya, bari in amsa a fili.

Kada kowa ya ruɗe ka, zaman benci ba ya ceton mutum. Afisawa 2:8 ta koya mana cewa ceto alheri ne ta wurin bangaskiya. Amma in maganar wajibi kake yi, e, wajibi ne.

'Yan'uwanmu Katolika ma sun rubuta shi a doka. Sashe na 1247 na dokar ikilisiyarsu ya wajabta halartar Misa ranar Lahadi, sun kuma yarda mutum ya cika wannan tun yammacin Asabar. Mu da muka tashi a ECWA, da Ibraniyawa 10:24-25 aka ja mana kunne. Ka buɗe wurin ka karanta a hankali. An ce kada mu daina taruwa yadda waɗansu suka saba, wato tun zamanin manzanni akwai masu irin ra'ayinka. To, duba dalilin da aka bayar: domin mu ƙarfafa juna, mu zuga juna ga ƙauna da aikin kirki. Nan ne tambayarka ta yi gajarta, ɗana. Kai kana lissafin abin da za ka samu in ka je, ayar kuwa tana maganar abin da wani zai rasa in ba ka zo ba. Waya za ta yi maka wa'azi mai daɗi, amma ba za ta lura ka rame ba, ba za ta miƙa maka gurasar jibin Ubangiji ba, ba kuma za ta nuna maka gwauruwar da rufin ɗakinta ya yaye ba.

Masu bi na farko ba su da hutun Lahadi. Sai a shekarar 321 sarkin Roma Kustantin ya mai da ita ranar hutu, amma tun a Ayyukan Manzanni 20:7 muna ganinsu a Taruwasa sun taru ranar farko ta mako, Bulus yana magana har tsakar dare. A shekarar 304, a garin Abitina da ke Tunisiya ta yau, an kama mutum 49 don sun yi sujadar Lahadi alhali sarkin Roma na wancan lokaci ya hana, suka kuma rasa rayukansu a kanta.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ka ga mutanenmu na ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Na zauna da wata uwa daga can wadda ta iso Zuru ba ta da komai sai zanen jikinta. Ranar Lahadi ta farko ta zo ta raɓe a bencin baya. Kafin a tashi, zumuntar mata sun san sunanta, sun haɗa mata dawa da tabarma. Duk lokacin da na tuna ta, sai in tambayi kaina: da kowa ya zauna a ɗakinsa da waya ranar nan fa?

Ban ce mara lafiya ya ja jiki ya zo ba, ko mai jego, ko ma'aikaciyar asibiti da ke bakin aiki. Wanda hanyarsa ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, ina roƙonsa kada ya fita. Ya tara iyalinsa da maƙwabta a tsakar gida su yi sujada. Matiyu 18:20 ta ce ko mutum biyu ko uku ne, Ubangiji yana tsakiyarsu, Romawa 16:5 kuma ta ambaci ikilisiyar da ke taruwa a gida. Amma ka lura, ko a nan ma taruwa ce.

Kai kuwa lafiyarka ƙalau, gidanku da coci ko mashin ba ka hawa. In wani ne ya ɓata maka rai a cikinmu, ka zo ka faɗa mini, domin na san hakan na faruwa, mu dattawa ma mukan yi kuskure. Lahadin nan ka zo da wuri. Yaran 'yan gudun hijira sun cika ajin makarantar Lahadi, malami ɗaya ne kawai a kansu, kai kuma ka iya karatun Hausa.

Naka cikin Ubangiji,
Wani dattijon ikilisiya, Zuru